Kwana nawa giya ke yi a fitsari? Abin da aka tattauna a fadarmu

Daren Asabar a fadarmu ta unguwar Bukoki a Yamai, ana zuba shayi na biyu, wani direba ya jefo tambaya. Kamfanin da zai ɗauke shi aiki ya ce sai an gwada fitsari, shi kuma wai "abokinsa" ya sha giya. Duk muka yi dariya, mun san abokin.

Babban yayanmu malamin asibiti ne, shi ya warware zancen. Gwaji iri biyu ne. Wanda ke neman giyar kanta ba ya wuce awa 12 zuwa 24. Ɗayan, EtG, abin da hanta ta sarrafa daga giyar yake nema, kuma idan an sha da yawa yana iya kamawa har kusan awa 80, wato kwana uku da ɗoriya. Yawan abin da aka sha da lafiyar hanta su ke sa lokacin ya tsawaita ko ya gajarta.

Wani ya ce a ɗirki ruwa da lemun tsami. Yaya ya girgiza kai: hanta ba ta sauri don shayi, kofi ko gumi, kuma fitsarin da ya tsinke da ruwa ana gane shi, a ce ka sake kawowa.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wanda bai taɓa sha ba ma EtG na iya nuna masa alama, saboda maganin tari ko na kurkure baki mai sinadarin giya. Shawararsa: ka tafi da kwalbar maganin, ka nuna kafin a karɓi fitsarin.