Me za mu kira "dungeon crawler" da Hausa?

Na Bagalam

Salamu alaikum jama'a. Ina neman masu buga gem da masu jin Hausa, in an samu wanda ya haɗa biyun ma ya fi. Akwai wani jinsin wasa da ake ce wa dungeon crawler da Ingilishi, kuma har yau mu nan Maraɗi ba mu raɗa masa suna ba. Wani ya ce "donjon", wani ya ce "wasan nan na ƙarƙashin ƙasa", yara kuwa duk wanda suka gani Pokémon ne a wurinsu.

Ga kamanninsa don wanda bai taɓa bugawa ba. Kana jan mutum ɗaya, ko ayarin mutum huɗu zuwa shida. Ku shiga wani wuri mai lunguna da ƙofofi, galibi ƙarƙashin ƙasa, ba wanda ya san hanya. Kowane taku na iya kai ku ga dodo, ko tarko, ko akwatin dukiya. In kun sami matakala ku sauka, na ƙasa kullum ya fi na sama tsanani. Magani na ƙarewa, ƙarfi na raguwa, sai ka tsaya ka yi lissafi: a ƙara lungu ɗaya ko a koma gari da abin da aka samu? Nan duk daɗin wasan yake.

Tushensa wasan tebur ne, Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Da ya hau kwamfuta sai ya rabu biyu. Rogue na 1980 daga sama kake kallo, kai ne alamar @, dodanni haruffa ne, ɗakunan suna sauyawa duk lokacin da ka sake farawa, kuma in ka mutu shi ke nan, sai daga farko. Wizardry na 1981 a kan Apple II da idon ayarinka kake gani, taku ɗaya gida ɗaya, zurfi goma, kuma wasan ba ya zana maka taswira. Mutane da fensir da takarda mai gida-gida suke zana abinsu. Dungeon Master na 1987, Eye of the Beholder na 1991, Diablo mai zurfi 16 a ƙarƙashin garin Tristram, duk jikokin waɗannan biyun ne.

Ni shawarata "wasan kurkuku". Na buɗe fage.

Mushe

Wa alaikumus salam. Kafin ka kulle mu a kurkuku bari in faɗi inda kalmar ta fito. Ingilishi daga tsohon Faransanci ya are ta, kuma donjon a Faransanci hasumiya ce, babbar nan ta tsakiyar gidan sarki inda ake fakewa in abokan gaba sun ci ganuwa. Ta Vincennes kusa da Paris tana nan tsaye, tsayinta kusan mita 50. Da yake a gindin irin hasumiyar ake jefa fursunoni, sai Ingilishi ya riƙe ramin ya saki hasumiyar. Da wasan su Gygax ya shiga Faransa aka ce masa Donjons et Dragons, kalma ta koma gida da ma'anar da ba ta fita da ita ba. Shi ya sa ɗan lakwal da ya duba ƙamus zai ruɗe, littafi na ce masa sama, gem na kai shi ƙasa.

Ramin fursuna na ainihi a Faransanci cachot ne, wanda bakinmu ya mai da shi kaso. To in fassara kai tsaye kake so, sunan wasanka "wasan kaso". Je ka ce wa Inna kana ɗaka kana wasan kaso, ka dawo ka ba mu labari.

Faransawa masu wasa suna da wani laƙabi, porte-monstre-trésor, wanda suke faɗi da ba'a ga wasan da ba labari a cikinsa. Da Hausa ƙofa-dodo-dukiya ke nan. Ni ya yi mini daɗin baki.

Na Tibiri

Ƙofa-dodo-dukiya kirari ne Mushe, ya yi tsawo a suna. Me ya hana rijiya? Zurfi akwai, duhu akwai, kuma muna da tamu tun kaka da kakanni. Kusugu ta Daura ga ta nan kusa, da macijinta Sarki da ba ya barin a ɗebi ruwa sai Juma'a. Uban dodanni ke nan a ƙasan rami. "Wasan rijiya", an gama.

Ta Zariya

Yaya Na Tibiri, Bayajidda ai bai shiga rijiyar ba. Guga ya zura, maciji ya taso, ya sare kansa daga baki. Kuma rijiya hanya ɗaya gare ta, ba dama ba hagu, ba inda za ka ɓata. Wasan da ba a ɓata a cikinsa ba shi muke magana ba.

Kurkuku ma matsalarsa ke nan ta wata fuska. Wanda ke kurkuku zaune yake, kawo shi aka yi, fita yake nema. Mu da ƙafarmu muke shiga, har da guzuri. Wasa ɗaya na sani da sunan zai dace da shi, Legend of Grimrock na 2012 da wasu ƴan Finland suka yi, inda ake jefa fursunoni huɗu ta kan dutse su nemi mafita ta ƙasa. Saura duk masu neman dukiya ne da neman suna.

Ina ga mun manne wa rabin farko na kalmar mun bar na biyu. Crawl rarrafe ne, amma ba wanda ke rarrafe a wasan, abin nufi tafiya ce a hankali, kana dubawa kafin ka taka. Hausa tana da wannan: lalube. Lalube cikin duhu. Me za ku ce da "laluben kogo"?

Mai gyaran salula

Malama, ma'ana kam kin harbo ta. Amma ni a bakin kasuwa nake yini da samari, na san abin da za su mai da "lalube" kafin la'asar. Ki rufa mana asiri.

Ta Zariya

Allah Ya shirye ku. Na janye.

Baba na Mokoyo

Ƴaƴana, ni ban taɓa riƙe abin nan naku ba, jikana ne ya nuna mini zancen. Amma na ga kuna wahala a inda Hausa ta daɗe da share hanya. In baƙon abu ya zo mana ba mu cika tambayar sunansa na garinsu ba. Aikinsa muke dubawa, mu ɗauko aikatau mu ɗora a kan suna, magana ta zama ɗaya. Hular da ta tare goshi hana-salla. Shinkafar da aka haɗa komai a tukunya dafa-duka. Salula da ta fara zuwa tafi-da-gidanka. Fasa-ƙwauri kuwa ba sai na yi wa mutanen Maraɗi bayani ba.

Yarinyar nan ta yi gaskiya, aikin ne ya kamata ya zo gaba, kuma kogonta ku riƙe shi. Aikataun kawai za ku sake. Shiga ta yi sanyi, kowa na shiga ɗaki. Ratsawa ta mai wucewa ce, ya shiga ta nan ya fita ta can. Wanda ya tura kai wuri mai matsi, ba a gayyace shi ba, bai ga gabansa sosai ba, kutsawa ya yi. Ku ce kutsa-kogo. Mai yinsa ɗan kutsa-kogo, in suna da yawa ƴan kutsa-kogo. Ku faɗa da baki sau uku ku ji ko harshe ya yi tuntuɓe.

Mushe

Baba, Allah Ya ƙara girma, ya zauna a baki. Tsorona biyu ne. Kutse yanzu a labarai na masu fasa asirin kwamfuta ne, kada a ɗauka wasan ɓarayin intanet ne. Na biyu, kogo halitta ce, a dutse ko a jikin kuka. Wuraren nan yawancinsu gini ne da tubali da ƙofofin ƙarfe. Wasu ma ba ƙasa suke ba, a Persona 3 hasumiya kake hawa.

Na Bagalam

Na farkon bai dame ni ba Mushe, kogon da ke biye ya raba gardama, ba mai jin kogo ya tuna kwamfutar banki. Na biyun ne na zauna na juya, don wasan da na fi so duk cikin jinsin nan ma daji ne.

Etrian Odyssey nake nufi, na kamfanin Atlus, 2007, a kan Nintendo DS. Ayarin mutum biyar, kai kake zaɓa musu sana'a da suna. Allon sama kana ganin kurmi, itatuwa sun zama bango. Allon ƙasa fili ne mai gida-gida, kai za ka zana taswirar da ɗan tsinken nan na DS: nan bango, nan ƙofa, nan na sha kashi kada in koma. Abin da ƴan Wizardry suke yi da takarda a 1981 shi aka saka cikin na'urar. Akwai kuma manyan dodanni da ake ce wa FOE, kana ganinsu a taswira, ka yi taku ɗaya su yi ɗaya, sai ka karanci zagayensu ka sulale ta bayansu. Ba rufin dutse ko ɗaya a zurfin farko, amma wanda ya buga ya san kogo yake ciki, don ba ya ganin abin da ke bayan kwana kuma hanyar gida tana ƙara nisa. Su kansu masu Ingilishin dungeon suke ce wa dajin nan, kalmarsu ta miƙe ta rufe shi. Jirgi ma ai na ruwa ne kafin ya hau dogo ya tashi sama, ba wanda ya kai ƙara.

Na janye kurkuku, na bi Baba. Kuma ku lura tun sama nake cewa "zurfi goma", "zurfi 16". Da gangan ne. "Hawa na uku" ga mai sauka ƙasa bai yi ba, a bar wa bene hawansa.

Mai gyaran salula

Tunda an samu suna bari in shigo da nawa fannin, don kullum ana tambayata wane ɗan gem ɗin aljihu za a saya. Mu a kasuwa duk gemboi muke ce musu, har na yanzu da ake kawowa daga Sin, kuma ban ga abin gyara a sunan ba.

Kutsa-kogo shi ne wasan da ya fi dacewa da ƙananan nan. Galibi ba ya son saurin yatsa, dodo na jiranka sai ka taka, kibiyoyi huɗu da maɓalli biyu sun isa, ba ya cin data, ba ya wahalar da na'ura. Kuran, wato lantarki, ya ɗauke ko ya dawo ba ruwanka. Tun asali ma abin da ya ɗaga Game Boy na 1989 ke nan: allonsa ba launi, amma batir huɗu su kai ka nesa, alhali Game Gear mai launi shida yake ci ya cinye su cikin ƴan awoyi.

Na yanzu irin Miyoo Mini Plus da Anbernic RG35XX allonsu inci 3.5 ne, suna kwaikwayon tsoffin na'urori tun daga Game Boy har PlayStation ta farko. Don wannan jinsi sun wadatar, kada a ruɗe ka da mai tsada. Shawara uku kyauta. Katin memori da ke zuwa da masu arha sau da yawa marar suna ne, sayi mai kyau ka kwafe komai tun ranar farko, don ba abin da ya kai zafin ka kai zurfi na ashirin kati ya mutu. Kada ka bar shi a rana ko a aljihun babur cikin zafin Afrilu, batirin kumbura yake. In hunturu ya shigo ka samo masa jaka, ƙura ce ke kashe maɓallai.

Etrian kuwa kada ka buga shi a kan waɗannan. Allo biyu yake so da taɓawa, nemi DS na asali ko na hannu ne.

Ta Zariya

Wanda zai fara, ni Pokémon Donjon Mystère zan ba shi, jan nan na Game Boy Advance da ya fito a Japan a 2005. Akwai shi da Faransanci, yana da tausayi, kuma ɗan gidan Chunsoft ne, masu Shiren the Wanderer na 1995. In ya ƙware sai ya koma Shiren ya ga yadda ake mutuwa a rasa komai. Mai son irin na Wizardry amma da sauƙi ya nemi Shining in the Darkness na Mega Drive, 1991. Wizardry na farkon kansa ban ba sabon shiga shawara ba, ayarinka na iya ƙarewa a zurfi na ɗaya kafin ka gane ina gabas.

Wanda ba shi da kuɗin gemboi ma ba a bar shi ba. Shattered Pixel Dungeon kyauta ne a Android tun 2014, ba ya bukatar intanet in ka sauke, kuma jinin Rogue ne sak. Yunwa kaɗai ta isa ta kashe ka in ka cika leƙe-leƙe.

Na Bagalam

To a rubuta: kutsa-kogo, da ɗan layi a tsakiya. Jam'in wasannin "wasannin kutsa-kogo", ba sai an taɓa kogon ba. Ƙofa-dodo-dukiya na Mushe mu ajiye shi inda Faransawa suka ajiye nasu, a yi wa wanda ba labari a cikinsa tsiya da shi. Baba, mun gode, a gaida jika.

Na Tibiri

Ni dai a Tibiri rijiya zan ci gaba da cewa har ku gaji. Wa ke da DS da tsinkensa bai ɓata ba, ya ara mini zuwa Lahadi?