Wai har wanda ba ciwon ajali yake ba ana iya taimaka mishi ya mutu?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Wani abu ne ke cina a rai sati biyu kenan, kuma na rasa wanda zan faɗa wa a gida. Yayana shekara 6 yana kwance tun hatsarin kabu-kabu da ya yi a hanyar Mirriya, lakarshi ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Amma hankalinshi garau, yana ci yana sha, likita ma ya ce zai iya daɗewa sosai a haka. Ran nan da dare ina canza mishi robar fitsari wuta ta ɗauke, na saka waya a baki ina haskawa, sai kawai na ji ya ce "Habu, wai a ƙasar Turawa in mutum ya gaji allura ake mishi ya tafi, da can nake da tuni kun huta." Wallahi sai da hannuna ya yi rawa, ban ce uffan ba na gama na fita tsakar gida na zauna har aka kira assalatu.

To ni tambayata, da gaske ne ana yi ma wanda ba mutuwa zai yi ba? Kuma in ya sake faɗa me zan ce mishi, don ni shirun nan da na yi shi ya fi damuna.

Bazanga a Kanada:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba yaya lafiya, ya ba ku ladan jinya. Gaskiya ne, amma ba ko'ina ba. A jihar Oregon ta Amurka tun 1997 ake yi, sai dai dole likitoci su ga cewa saura wata 6 ko ƙasa da haka suka rage ma mutum. Holan da Beljiyam kuwa da suka fara a 2002 babu wannan sharaɗin, abin da ake dubawa shi ne wahalar da mutum ba zai iya jurewa ba kuma babu alamar sauƙi, ya nema da bakinshi, wani likita daban ya sake dubawa. A Holan har masu ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai ana ma wasu, a 2023 mutum 138 ne cikin sama da 9,000 da aka yi ma gaba ɗaya.

Nan Kanada inda nake an fara a 2016 ga wanda mutuwarshi ta kusa, sai a 2021 aka buɗe ma wanda bai kusa ba, da sharaɗin a ɗauki aƙalla kwana 90 ana bincike. Na masu ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai an ɗage shi zuwa 2027. Abin da zai ba ka mamaki, naƙasassu biyu ne a lardin Kebek na nan Kanada suka kai ƙara kotu ta ba su gaskiya a 2019 har aka faɗaɗa dokar, kuma ƙungiyoyin naƙasassu ɗin ne dai suka fi kowa adawa da ita. Su cewa suke, in gwamnati ta kasa ba mu gida da mai kula da mu amma ta sauƙaƙa mana hanyar mutuwa, to ina zaɓin yake? Ni kam ina bayan maganarsu.

Malam na Garin Malam:

Ɗana, ta fuskar addini babu duhu a nan. Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 29 kada ku kashe kanku, lallai Allah mai jinƙai ne gare ku. Rai amana ne, ba na mai shi ba ne balle na likita, ko da kuwa mara lafiyan ne ya roƙa. Wannan daban yake da wanda ƙwaƙwalwarshi ta mutu inji ke riƙe da numfashinshi, shi malamai sun yi magana a kan cire injin, amma yayanka ba ya cikin wannan babin ko kusa.

Sai dai kar ka je ka tsare shi da wa'azin wuta, bai yi komai ba, gajiya ce ta yi magana. Annabi (SAW) da ya hana fatan mutuwa saboda cuta, bai bar mutum hannu rabbana ba, ya koya mishi abin da zai ce: ya Allah ka raya ni in rayuwa ce alheri gare ni, ka karɓi raina in mutuwa ce alheri gare ni. Ku riƙa karanta ta tare.

Majo Hajiya:

Habu ka sake duba maganar da kyau. Bai ce da na huta ba, cewa ya yi da KUN huta. Shekarata 19 ina aikin jinya, kuma wallahi yawancin waɗanda na ji sun faɗi irin wannan ba zafin ciwo ne ya fi cinsu ba, lissafi suke yi. Yana kwance yana jin duk jikar da aka kashe a farmasi, yana jin matarshi tana wanke zannuwa da ruwan da aka saya wurin ƴan garuwa, kai ma ka san yadda ruwa yake a Damagaram in rani ya yi, yana ganin ƙanenshi da ya goya shi ke wanke mishi kashi. Namijin da ya saba fita nema, wannan kaɗai ya ishe shi. Shi ya sa nake tsoron irin dokar nan, in ta zo wuri irin namu talaka ba zai ma jira a ce mishi ba, kunya ce za ta sa ya nema, a rubuta da yardarshi.

Abin yi, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin yi ma kanshi wani abu, tambayar ba ta sa mutum ya yi. Ka ɗauke magunguna da maganin ɓera daga inda hannunshi ke kaiwa. Ka duba yana barci, yana cin abinci kamar da? In ya canza a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ciwon damuwa yana da magani, ba hauka ba ne. Kuma ku riƙa juya shi duk awa 2, gyambon kwanciya mugun abu ne.

Ƴar Karkada:

Ni sikila gare ni tun haihuwa, kuma zan faɗi abin da wasu ba za su so ba. Akwai daren da ƙashina ke yi kamar ana daka shi a turmi, an je likita an ce allurar mai ƙarfi ta ƙare, na kwana ina ihu ina roƙon Allah ya ɗauke ni, kuma a lokacin da gaske nake. Don haka masu neman abin nan a can ban iya zaginsu ba, ban san abin da suka gani ba. Amma da akwai dokar a nan a daren nan da na sa hannu, ga shi yau ɗiyata tana aji uku. Abin da na fi tsana shi ne mai lafiya ya shigo ya ce yi haƙuri, ya fita, bai ko zauna ba. Ku bar yaya ya faɗi abin da ke ranshi har ƙarshe ba tare da an toshe mishi baki da a'uzubillahi ba.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya maganarki ta sa na kasa barci, don ni da bakina nake lissafin kuɗin magani da Inna a ƙofar ɗakinshi, ban taɓa kawowa yana ji ba. Jiya bayan isha na zauna na tambaye shi, ya daɗe yana kuka, ya ce ba zai yi ma kanshi komai ba, kawai ya gaji da kallon rufin ɗaki ne, rabonshi da ganin titi tun ƙaramar salla. Da can gyaran rediyo da waya yake yi a kasuwar Dole, kayan aikinshi na nan cikin akwati. Yanzu keken guragu nake nema ko na hannu ne, da kafintan da zai yi mishi tebur daidai tsayin keken a zaure. In akwai wanda ya san inda ake samu da sauƙin kuɗi a nan cikin gari ya taimaka ya faɗa min.