Neman taimako: rubutu yana ɓacewa idan ina karanta babban fayil ɗin XML da Python

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai matsalar da ta tsaya mini a wuya, ina roƙon wanda ya san kan ElementTree (ET a taƙaice, kayan aikin Python na karanta XML) ya taimaka.

Fayil ɗin babba ne ƙwarai, idan na loda shi gaba ɗaya da ET.parse() sai ƙwaƙwalwar kwamfutar ta cika, aikin ya tsaya. Shi ya sa na koma ga iterparse(), mai karantawa kaɗan-kaɗan, ina kiran clear() don share abin da ke cikin kowane tag (alamar XML irin su p ko b) da zarar ya rufe.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wasu sakin layin a cakuɗe suke, kamar haka:

<p>Rana ta <b>fito</b> da wuri</p>

Abin da .text yake ba ni shi ne "Rana ta" kawai. Na gane cewa "da wuri" yana zaune ne a .tail na b (wato rubutun da ke biyo bayan rufewar b), kuma clear() yana share shi tun kafin p ya rufe, don haka ko itertext() ba ya samun cikakkiyar jimlar. Da na daina share ƙananan tags irin su b, ina share manyan kawai, rubutun ya dawo daidai, amma ƙwaƙwalwa tana ci gaba da hawa a hankali. Ina zargin tushen (root, babban tag ɗin da ya ƙunshi sauran duka) ne yake riƙe da tags ɗin da na riga na share.

Shin akwai hanyar cire su daga tushe ba tare da an taɓa wanda ake kan karantawa ba? Ko lxml, wani kayan aikin Python na karanta XML, ya fi dacewa, tunda yana da getparent() mai nuna tag ɗin da ya ƙunshi wani? Allah ya saka da alheri.