In ɓera da sata, daddawa ma da wari: har da wanda ya bar motarsa a buɗe?

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Assalamu alaikum jama'a. Jiya aka jefe ni da wata karin magana, har yanzu tana ci mini rai. Na tsaya sallar Magariba a wani masallacin bakin titi, na tarar liman har ya yi ruku'un farko, sai na fito a guje ban kulle mota ba. Raka'a uku ce fa kawai. Kafin a sallame an ɗauke jakata daga kujerar baya, da waya da takardun makarantar yara a ciki. Da na je gida na ba Yayana labari, ko jaje bai yi mini ba, sai cewa ya yi: "In ɓera da sata, daddawa ma da wari." To ni salla na je yi. Nan ne gurbin wannan magana? Ko kuwa mun kai lokacin da barin ƙofa a buɗe shi kansa laifi ne?

Gwaggon Yara: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, ɗana. Ni da na tashi a gidan da ake daddawar sayarwa, bari in gaya maka abin da na gani a maganar. Kalwa ake dafawa ta daɗe a wuta, a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku har ta yi. Warin nan shi ne daddawar. Ka raba ta da shi, ka raba miya da daɗi. To ta yaya za a ce ta yi laifi? Karin maganar ta ambaci mutum biyu, ta ɓoye na uku, wato matar da ta shanya daddawa a tsakar gida ta tafi barka. Iyayenmu a kwano mai murfi suke zuba ta, su ɗora a ragaya, ɓera yana ji yana gani ba yadda zai yi. Yayanka ba da jaka yake ba, da kai yake.

Malamin Hausa: Gwaggo ta taɓo inda gizo ke saƙa. Amma a lura da wurin da Bahaushe ya saba faɗinta. Maganar sulhu ce. Mutum biyu sun kawo ƙara, kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi kacokan, sai babba ya ce in ɓera da sata daddawa ma da wari, wato kai ma da naka. An fi jin ta a rikicin miji da mata, ko na mai bashi da wanda ya ba shi bashin ba shaida. Kuma ba ta wanke ɓera. Da satarsa aka fara, "ma" ɗin nan da ke bayan daddawa ƙari ne kawai. Inda Yayanka ya kuskure shi ne lokaci. Ba a faɗa wa mutum ita ranar da abin ya same shi. A fara da "Allah ya tsare gaba", bayan kwana biyu a yi masa faɗan.

'Yar Zazzau: Bakano da barin mota a buɗe? Ku da ko tsire kuka saya sai kun ƙirga tsinke? Lallai ranar tsautsayi ne ya fito da kai. Malam, ni da "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga" aka ce masa, da ta fi zama daidai.

Malamin Hausa: A'a 'yar'uwa, wannan ta ɓaraka ce tsakanin 'yan gida ɗaya, har bare ya samu bakin magana. Don akwai bango a cikinta ba shi ke nuna ta gini da ƙofa ba ce.

Baba na Yakasai: Ku bar ni in sa baki, tunda na girme ku duka. Gaskiya ne mun tashi ba mu san kwaɗo a ƙofar gida ba. Ɗakunan iyayenmu mata asabari ne kawai a bakinsu. Ƙyauren zaure sai an yi Isha'i da daɗewa ake turo shi, wani gidan ma tufaniya ce. Amma yaran yanzu suna jin haka sai su ɗauka babu tsaro ke nan, ko kuma duk mutanen da waliyyai ne. Ba haka ba ne. Akwai ɓarayi, in babu su wa ya ƙago "rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya"?

Abin da ya bambanta, makullin ba a jikin ƙofa yake ba. Zauren nan tun hantsi ba ya rabuwa da mutum: ga mai ɗinkin hula, ga malam da almajiransa, ga tsoho a kan buzu yana jan carbi. Baƙuwar fuska ba ta wuce zaure uku ba a ce "samari, wa kake nema?" ba. Baƙon da zai kwana a unguwa sai mai unguwa ya san da shi. In ka ƙara matsawa baya, garin ne dungurungum ake kullewa. Ganuwar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka aza harsashinta, kuma kowace ƙofa da Sarkin Ƙofarta, Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ruwa da sauransu. Kakanninmu sun ce dare na yi ake rufe su, wanda ya makara sai ya kwana a waje. Mutanen da suka yi wannan aiki ba sakarkaru ba ne da za su yarda da kowa.

Yau fa? Ɗana ya yi gida a sabuwar unguwa, katanga ta fi mutum biyu tsawo, da waya mai ƙaya a sama, da get na ƙarfe. Shekararsa huɗu a can bai san sunan maƙwabcinsa na hagu ba. Ranar da masu jari-bola suka kwashe musu tukwane daga tsakar gida da rana tsaka, ba wanda ya gani, don katangar da ta tare ɓarawo ita ta tare idon maƙwabci. Ƙidayar 2006 ma ta ba jihar nan mutum sama da miliyan 9, ina mai unguwar da zai san kowa?

Bakanike Mai Garejin Lungu: Ranka ya daɗe Baba, wannan haka take. Ni dai abin da nake gani a gareji zan faɗa. Kulle mota kaɗai ba ya isa in ka bar jaka a kujera ana hango ta, gilashi za a fasa, ka yi asara biyu. Sa ta a but tun kafin ka iso inda za ka tsaya, ba a gaban mutane ba. In ka danna rimot kuma ka ja hannun ƙofa ka tabbatar, don sau da yawa ƙofa ɗaya ba ta kamawa mai mota bai sani ba. Wanda ke kwanar da mota a waje, batir da madubin gefe da ƙwaƙwalwar mota su ake fara cirewa. Masu babur kuwa, kulle wuya kawai wasa ne, a ƙara da sarƙa. Masallaci da gidan biki da wajen jana'iza nan suka fi so, sun san hankalin kowa ya tafi wani wuri.

Almajirin Zaure: Allah ya gafarta malamai, akwai wani gefen. Ɗan'uwa ya ce salla ya je yi, kamar hakan ya isa tsaro. Tirmizi ya ruwaito cewa wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Akwai kuma umarnin rufe ƙofofi da dare tare da ambaton sunan Allah, a Buhari da Muslim. A fiƙihu ma ba a yanke hannu sai kayan sun kai nisabi, rubu'in dinari, kuma an ɗauke su daga hirzi, wato inda aka saba adana irinsu. Amma a kula: rashin hirzi haddi yake ɗagewa, ba ya mayar da sata halal, kuma ɓarawo sai ya biya. Kusan abin da karin maganar ke cewa ke nan.

Baƙo Daga Zamfara: Ina karanta ku ina murmushin takaici. Ku kuna maganar jaka. A ƙauyenmu mun kulle, mun sa sakata, mun tokare da turmi, aka zo da bindiga aka ce a buɗe. Don Allah kada wanda ya kawo mana wannan karin magana. Na taɓa jin wani a mota yana cewa ai mutanen ƙauye su suka tara shanu suka jawo wa kansu. Shanun manomi su ne warin daddawa? Tamu ita ce "da ɗan gari akan ci gari", don sai wani na ciki ya faɗa musu wa ya sayar da amfanin gona jiya. Har layukan waya aka rufe mana a watan Satumba na 2021 saboda irin wannan.

Malamin Hausa: Allah ya kawo muku sauƙi, ɗan'uwa. Ka yi gaskiya, ɓera aka ce, mai zuwa a ɓoye ya tsere in ya ji motsi. Wanda ya zo da makami ba ya cikin wannan magana ko kaɗan.

Gwaggon Yara: Amin. Ni kam har gobe da rana ƙofata a buɗe take, yaran maƙwabta na shiga shan ruwa, almajirai na sallama. In na kulle ta da azahar sai a ɗauka mutuwa aka yi ko na yi fushi da unguwa. Amma wayata tana ƙugu, ɗakin da kaya suke kuma da kwaɗonsa.

Ɗan Gyaɗi-Gyaɗi: Na gode ƙwarai, jama'a. Baƙo daga Zamfara, ka sa na ji kunyar ƙorafina, Allah ya dube ku. Ɗazu ladanin masallacin ya kira lambar da ke jikin takardun yara, wai an tsinci jakar a bayan wurin alwala, takardu na nan, waya da caja sun tafi. Yayan nawa kuma da sassafe ya aiko yaro da tsohuwar wayarsa in riƙa amfani da ita. Maganar daddawa dai bai janye ba.