Ana cire mini kuɗin gas a albashi, in ajiye makulli ko in daure?

Direban Tirela:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya kawo mini iya wuya.

Shekara tara na yi ina yaron mota a hannun maigidana kafin ya sakar mini sitiyari. Shi ya koya mini komai, tun daga ɗaure tamfol har yadda ake sauka gangare da lodi ba a ƙona birki ba. Da mahaifina ya rasu shi ya riƙe mu, shi ya biya mini kuɗin lasisi, ranar da na fara jan mota ni kaɗai har bakin hanya ya rako ni. Da ciwon ido ya sa ya ajiye tuƙi, da ƙafarsa ya kai ni wani kamfanin dakon kaya, ya tsaya mini, ya ajiye takardar filinsa a matsayin jingina. Na kawo wannan ne don ku san nauyin da ke wuyana.

Wata 14 ke nan ina wurin. Akwai ɗan albashin wata, da kuɗin sahu, da kuɗin hanya. Gas kuma a aune ake ba ka: lita 630 a hanya mai kilomita 1,800 zuwa da dawowa. Motar da aka ba ni tsohuwa ce, ba ta taɓa yin sahun nan da ƙasa da lita 700 ba, kuma abin da ya hau kai daga albashina ake cirewa. Watan jiya sahu uku na yi, aka rubuta mini lita 210 da taya ɗaya da ta fashe. Na tsaya a tagar akawu ina kallon takardar, jan biro ya fi shuɗi yawa, abin da ya rage bai kai rabin haƙƙina ba.

Ga kwanan jira. Sai ka yi kwana huɗu a layi ba a sauke maka ba, ba a biyanka ko ɗaya, ana saukewa kuma manaja zai fara buga waya wai ka makara. Makon da ya wuce da asuba gyangyaɗi ya ɗauke ni, ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta tashe ni, na ga mota ta bar kwalta. Na faka, hannuna na rawa, yarona yana barci bai ma san me ya faru ba.

In ajiye aikin ne, ko in kai ƙara, ko in yi shiru? Ku ba ni shawara don Allah.

Baba Tsohon Direba:
Wa alaikassalam. Yaro, shekara 31 na yi a kan titi, ka saurare ni da kyau. Kada ka kuskura ka bar aikin nan. Ko'ina ka je haka za ka tarar, wani wurin ma ya fi wannan. Batun gas kuwa, ƙafarka za ka fara bincika. Yaran yanzu taka mota kuke kamar da gayya, ku riƙe ƙaramar giya injin na kuka, ku zo gaban rami ku danna birki sannan ku sake ɗaukar wuta daga farko. Tirela da lodi ba ta son tashi da tsayawa, a nan man ke ƙonewa. Ka ba ni motar nan, da 630 zan kai ta in dawo.

Direban Tirela:
Baba, na gode, amma wanda ya koya mini tuƙi bai bar ni da wannan ƙafar ba. Direban da ya riƙe motar kafin ni ma a kan gas ya tafi.

Bakanike:
Malam, kafin a yi ta gardamar ƙafa, yaushe rabon da a duba nozul ɗin motar, wato abin da ke fesa gas cikin injin? Tana hayaƙi baƙi in ka hau tudu? Matatar iska in ta toshe mota na ƙara sha, haka taya in iskarta ta yi ƙasa, haka birkin bodi in yana kamawa a ɓoye. Bayan ka yi tafiya mai nisa ka sauka ka kara hannu kusa da kowace ƙafa, wadda ta fi sauran zafi ita ke jan ka baya. Sannan babbar mota in tana tsaye injin na aiki takan sha kusan lita 3 a awa ɗaya. Kai da kake kwana huɗu a layi kana tayarwa kana matsawa, lissafa ka gani. Ka nemi a cika tanki a gaban mutumin kamfani, ya shiga motar ku je ku dawo tare, a auna. In sun ƙi, ka san inda matsalar take.

Matar Direba:
Ni gyangyaɗin nan ne ya tsaya mini a rai, kowa ya bi ta kan gas ya wuce shi. Maigidana haka ya riƙa yi, a kira shi da tsakar dare ya tashi, ya dawo idonsa jawur ya kwanta da takalmi a ƙafa. Da motar ta faɗi da shi, abin da suka fara tambaya a waya shi ne kayan sun tsira? Wata biyar yana kwance, albashin wata biyu kawai suka bayar, wai ba su yi masa inshora ba sai mota da kaya. Har yau ƙafar ba ta koma daidai ba. Ɗan'uwa, ka tambaye su ko kai kanka kana cikin inshora. Ni da ƙanena ne kai, yau zan ce ka ajiye.

Baba Tsohon Direba:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Amma haɗari ba ya tambayar sunan kamfani. Ya ajiye ya ci me? Direban da ya zauna wata uku a gida hannunsa ma sanyi yake yi.

Ɗan Ƙungiya:
Baba, da girmanka, wannan "ko'ina haka ne" ita ta sa muke inda muke. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya mai lamba 95 ta shekarar 1949 a kan kare albashi. Ta ce ba a cire wa ma'aikaci kuɗi sai a bisa sharaɗi da iyakar da dokar ƙasa ko yarjejeniyar ƙungiya ta tsara, kuma dole a sanar da shi sharuɗɗan. Akwai kuma mai lamba 153 ta 1979 da aka yi domin direbobi: kada a wuce awa 4 ana tuƙi ba hutu, awa 9 a rana, awa 48 a mako, da hutun awa 10 a jere cikin kowace awa 24. Gaskiya ƙasashe ƙalilan ne suka rattaba hannu a kan ta biyun, don haka dokar ƙwadagon ƙasarka za ka duba. Tambayata ɗaya: takardar da ka sa wa hannu, akwai maganar cire gas da taya a ciki? Kana da kwafinta?

Direban Tirela:
Na sa hannu a takardu da yawa ranar. Maigidana yana zaune a gefe, ba zan tsaya karanta shafi shida a gabansa kamar ban yarda da inda ya kawo ni ba. Ba su ba ni kwafi ba.

Ɗan Ƙungiya:
To nan za ka fara. Ka nemi kwafin a rubuce, ka tattara takardun albashinka na wata 14, ka samu littafi kana rubuta lita da kilomita da kwanan jira na kowane sahu. Kada ka je kai kaɗai, ku haɗu ku biyar ko shida. Mu haka aka yi mana, muka yi magana, shugabanninmu suka shiga ofis suka fito suna murmushi, mu uku aka sallama. Har yanzu abin na ci mini rai.

Direba a Turai:
A nan akwai na'ura a kan mota da ke rubuta duk mintin da ka yi kana tuƙi, da katinka a ciki. Awa 9 ne a rana, sau biyu a mako a yarda ka kai 10, bayan awa huɗu da rabi dole ka huta minti 45, kuma ba ka wuce awa 56 a mako. In aka kama an karya, kamfani ma yana shan tara. A Amurka awa 11 ne, bayan hutun awa 10. Amma kada ku ɗauka mun huta, ni sati biyar rabona da gida, a bayan kujera nake kwana.

Baba Tsohon Direba:
Duk wannan dokar masu titi mai santsi ce. Ka je ka karanta wa manaja lamba 153 ka ga ko gobe ba a miƙa makullinka ga wani ba. Mutum nawa ne ke zaune a bakin get da lasisi a aljihu?

Akawun Sufuri:
Ni a ofis nake, a wani kamfanin daban, bari in faɗi namu ɓangaren. Gas yana cikin abin da ya fi cin kuɗin kamfani, kuma ana zuƙe shi a hanya, kowa ya sani, shi ya sa ake aunawa. Kuskuren shi ne a ba tsohuwar mota da sabuwa ma'auni ɗaya. Sannan sau da yawa in mota ta wuce kwanakin da aka yi alkawari a wurin sauke kaya, mai kayan yana biyan kamfani kuɗin jira, ka bincika ko naku na karɓa. Amma Malam, tsakaninka da Allah, ba ka taɓa buɗe tankin nan a hanya ba? Don in akwai tireka, wato na'urar bin diddigin mota mai auna mai, sun gani.

Direban Tirela:
Ban taɓa sayar da ko lita ɗaya ba. Sau ɗaya na zuƙar wa wani ɗan'uwa lita 20, mansa ya ƙare a daji da dare, ba zan wuce in bar shi ba. Ban faɗa a ofis ba don na san yadda za su juya maganar. Wannan ne zai zama lita 70 a kowane sahu?

Akawun Sufuri:
Ba zai zama ba, amma ranar da ka kai ƙara da shi za su fara.

Matar Direba:
Ka je ka faɗa wa maigidan naka gaskiya mana. Wanda ya riƙe ka haka ba zai fi son fili a kan ranka ba.

Direban Tirela:
Hajiya, ba ku san shi ba ne. Hawan jini gare shi, kuma kullum alfahari yake wai ya sama mini wuri mai kyau. Ƙungiya ma ba zan iya ba, manajan ɗan abokinsa ne, maganar a kunnensa za ta ƙare. Gwajin da Bakanike ya faɗa na taɓa nema tun bara, suka ce ba su da mutumin da za su tura.

Baba Tsohon Direba:
To ka ga ni. Ka sa iska a tayarka, ka sassauta ƙafa, ka je ka yi lodinka.

Direban Tirela:
Yanzu ma aka kira ni, ƙarfe huɗu na asuba zan shiga layi. Abin da har yanzu ba wanda ya amsa mini: in na ajiye aiki alhali suna cewa suna bi na bashin gas, suna da ikon riƙe takardar filin maigidana?