Wa ya cancanci a kira shi sabon shiga a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka? Ku taimaka kafin Asabar

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, kaina ya ɗaure. Ina gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo. Makon jiya na ce Ben Simmons bai cancanci kyautar gwarzon sabon shiga da ya ci a 2018 ba. Tun 2016 ƙungiyar Philadelphia ta ɗauke shi, ya ji rauni a ƙafa, ya shekara a benci yana karɓar albashi yana kallon yadda manya ke yi. Abokin takararsa Donovan Mitchell kuwa, da ke ƙungiyar Utah a lokacin, daga jami'a ya faɗo fili. Masu sauraro suka yi min ca, manaja ya kira ni ofis, ga shi dama ba ma ga-maciji tun da ya sauya min lokacin shiri. In janye ko in tsaya?

Tsohon koci: Ƙanena, janye kawai. Ƙa'ida ce: duk wanda bai taɓa buga wasan kaka ko ɗaya a NBA ba, sabo ne. An ɗauki Blake Griffin a 2009, gwiwa ta kwantar da shi, ya ci kyautar a 2011 da ƙuri'un kowa. David Robinson ma a 1987 aka ɗauke shi, ya yi shekara biyu a sojan ruwa, ya ci a 1990.

Wani ɗan wasa: Kada ka janye, malam. Haka aka yi min a gasar jiha, aka ba yaron da ya daɗe yana atisaye da manyan ƙungiyarsu. Har yau abin na ci min rai.

Wata 'yar uwa: To Luka Dončić fa? Shi ne gwarzon EuroLeague, babbar gasar ƙwallon kwando ta Turai, a 2018 da ƙungiyar kwando ta Real Madrid, ya zo ya ci ta sabon shiga a 2019. Me ya sa ba ka yi ƙorafinsa ba?

Mai tambaya: Hajiya, Luka bai san wahalar wasa 82 a kaka ɗaya ba. Simmons yana cikin gida, ya san tsarin koci, ya san kowa.

Tsohon koci: Kallo daga benci ba ya koya wa mutum tare shahararren ɗan wasa irin LeBron James. Na faɗa maka, ka janye.

Mai tambaya: Baba, na ji ƙa'idar. Ita ce dai nake cewa ba ta yi adalci ba. Kuma har yanzu ba wanda ya faɗa min yadda zan yi da manajan.