Kula da masu ciwon ƙoda a gida: lissafin binciken Zuni zai yi aiki a Sakkwato?

Ɗalibar kiwon lafiya, Mabera:
Assalamu alaikum malamai. Ina nazarin binciken ƙabilar Zuni ta jihar Niyu Meziko a Amurka, wanda ya fito a 2018. Masu ciwon ƙoda 125 ne: 63 daga cikinsu ma'aikatan lafiya 'yan ƙabilar na bin su gida, 62 suna ganin likita kamar kullum, har wata 12. Me ya sa aka raba su rukuni biyu da ƙuri'a gida-gida, ba mutum-mutum ba? In za a yi irinsa a nan, mutum nawa za a ɗauka?

Malamin ƙididdiga, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam ƙanwata. 'Yan gida ɗaya tukunya ɗaya suke ci. In aka koya wa uwargida rage gishiri da magi, miyar kowa ta sake, har ta wanda ke rukunin kwatance (masu ganin likita kamar kullum), sai bambancin ya ɓace. Shi ya sa ake ɗaukar gida ɗungurungum.

Amma da tsadarsa. Mutum biyar na gida guda ba su kai biyar na gidaje daban ba, don sakamakonsu na kama da juna. Ki cire ɗaya daga adadin 'yan gida, ki ninka da ma'aunin kamanninsu, ki ƙara ɗaya. Misali mutum 5, kamanni 0.1, ya ba da 1.4, wato in mutum 100 ake buƙata, sai a koma 140. A Zuni 98 cikin 125 ne suka kai ƙarshe. Da irin wannan zubewar, ki nemi kusan 180. Kuma a gidajenmu masu sassa, tukunya za ki ƙirga, ba zaure ba.

Likitan ƙoda, Gawon Nama:
Malam ya yi daidai. Sai dai 'yata, ki lura: babban abin da suka auna shi ne himmar majiyyaci wajen kula da kansa, da tambayoyi 13, maki 0 zuwa 100. Waɗanda ake bi gida sun fi ɗaya rukunin da maki 8.7. Kada a ce ƙoda ta warke; wata 12 ya yi kaɗan a ga haka.

A nan zafin Afrilu da azumi na busar da jiki, kiriyatinin (dattin jini da ake auna aikin ƙoda da shi) ya hau. Ki ɗebi jinin farko da na ƙarshe a yanayi guda. Fitsarin asuba za a gwada, in albumin (furotin ɗin da ke zuba cikin fitsari in ƙoda ta samu matsala) ya kai miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin, a maimaita bayan wata 3 kafin a sa mutum cikin binciken. Gwajin HbA1c kuwa, mai nuna matsakaicin sugan jini na 'yan watanni, yana yaudara ga masu sikila da ƙarancin jini, don haka a haɗa da awon suga kafin karin kumallo.